Yadda za ka mayar da kwas ɗin ƙasa da na safiyo su zama sana'a tun kana makaranta

Makon jiya wani ƙanena da ke karatun noma a Aliero ya turo min saƙo cikin dare, wai yaya don Allah me ya haɗa ɗan aikin gona da safiyo, an tara su a rana sun wuni suna leƙen wani inji mai ƙafa uku, ga kuma kwas ɗin kimiyyar ƙasa da ake ta haddar sunaye kamar za a je musabaƙa, shi dai so yake ya haye ya huta. Na yi dariya sosai don ni ma abin da na faɗa ke nan lokacinmu. Yau kuma waɗannan kwasa-kwasan biyu su ke saka min tuwo a kwano, sauran kam sai dai Allah Ya saka wa malamai da alheri. Shi ya sa na ce bari in rubuta amsar a fili, ko ɗalibin makarantar Zuru ko ta Waziri Umaru ko na Kaura Namoda da Gusau ya tsinci wani abu.

Shawarar guda ɗaya ce, sauran duk bayani ne. Ka samu gona ɗaya, ta babanku ko ta kawu ko ta maƙwabci, ka riƙe ta tun daga aji biyu har ka gama, duk abin da aka koya maka a aji ka je ka gwada shi a kanta. Kada ka canja gona. In ka yi haka, ranar da za ka fita neman aiki kana da abin nunawa a hannu, taswira da sakamakon gwaji da lissafin taki, alhali abokan karatunka kwalin kawai suke riƙe da shi.

Fara da awo, don komai a kansa yake zaune

Ni gonar kawuna na ɗauka, a fadamar da ke wajen Argungu, ta shinkafa. Ranar farko na tambaye shi girmanta, ya ce "gonag ga ai hekta biyu ta, haka anka rubuta min." Na ce Kawu wa ya auna? Ya ce ai kowa ya sani. Na ari tif mai mita 30 daga makaranta, na sari turaku, na ja ƙanena ya riƙe min baki ɗaya, muka raba gonar gida-gida mai kusurwa uku kamar yadda aka nuna mana a safiyon sarƙa, kowane gida muka auna gefensa uku, na koma ɗaki na buga lissafi. Hekta ɗaya da ɗigo uku ta fito. Na sake komawa washegari don ban yarda da kaina ba, ta sake fitowa haka. Kawu bai ji daɗi ba sam, kwana biyu da ƙyar yake amsa gaisuwata, gani yake kamar na yanke masa gona da wuƙa. Sai da na zauna na nuna masa cewa shekara da shekaru takin hekta biyu yake saya yana zubawa a kan gonar da ba ta kai ɗaya da rabi ba, sannan ya ce to ɗana sake faɗi in ji.

Don haka abin da za ka fara koya wa hannunka ke nan. Ka san hekta murabba'in mita 10,000 ce, wato 100 sau 100, kuma eka ko kadada ba ta kai rabin hekta ba, kusan eka biyu da rabi ke yin hekta guda. Mutanenmu suna haɗa su wuri ɗaya kullum, mutum ya ce hekta alhali eka yake nufi, kuma a nan ake cin kuɗin jama'a. Fulotin gida da ake ce wa 50 da 100 da ƙafa ake nufi, a mita kusan 15 da 30 ne. Ka auna takunka: ka shimfiɗa tif, ka yi tafiya irin wadda ka saba sau uku ko huɗu, ka san taku nawa ke ba ka mita 30, wata rana za ka je wuri ba tif kuma dattijo na tsaye yana jiran ka ce wani abu. Ka iya fitar da kusurwa madaidaiciya da igiya ta hanyar 3, 4, 5, wato ka ja gefe uku masu tsawon mita 3 da 4 da 5, wannan da kake gani kamar wasan yara shi ake fitar da fangali da shi, shi ake kafa harsashin ɗakin kaji da shi.

Bayan tif sai ka sake auna gonar da GPS ɗin wayarka, ka zaga kan iyaka a ƙafa, ka kwatanta da abin da tif ya ba ka. Za ka ga bambanci, don waya tana iya kuskure da mita 3 zuwa 5 ko fiye, in akwai itatuwa ma abin ya fi haka. A babbar gona wannan ba zai kashe ka ba. Amma a fili mai faɗin mita 15, kuskuren mita 4 ai ka shiga ɗakin maƙwabci ke nan. Na sha ganin samari suna zaga fuloti da waya suna cewa sun yi safiyo, wallahi rigima kawai suke shuka wa mutane.

Kuma wannan awo da kake rainawa kasuwa ce. Tun da aka ƙaddamar da shirin bashin manoman shinkafa na Anchor Borrowers a Birnin Kebbi a watan Nuwamban 2015, da hekta ake lissafin iri da taki da bashi, haka kamfanonin casar shinkafa da ke hulɗa da manoma kai tsaye, kowa so yake ya san ainihin girman gonar da zai zuba wa kuɗi. Ga kuma rabon gado, wanda ba ya ƙarewa har tashin duniya. Malami zai faɗa maka kason kowa, namiji rabon mace biyu, amma gonar ba murabba'i ba ce, ta yi ciki a nan ta yi wutsiya a can, wani gefen jigawa wani gefen fadama, dole sai an samu wanda zai mayar da kason nan ya zama turaku a ƙasa.

Injin mai ƙafa uku

Yanzu ga wanda ƙanena ke kuka da shi. Injin lebul abu ɗaya yake gaya maka, ina ne tudu ina ne kwari, da santimita nawa. Ido ba ya iya wannan, ko idon wanda ya shekara arba'in yana noma. Ka kafa ƙafafun, ka daidaita ɗan kumfan nan ya zauna tsakiya, wani ya riƙe sandar awo a tsaye cak kusa da inda injin ban ruwa yake, ka leƙa ka karanta, a ce 1.20. Ya koma can ƙarshen gona ka karanta 0.95. Wato can ƙarshen ya fi nan tsayi da santimita 25. Ka riƙe wannan don a nan ɗalibai ke juyewa: in lambar ta yi girma wurin kwari ne, in ta yi ƙanƙanta tudu ne.

Santimita 25 ɗin nan ita ce dalilin da ya sa mai noman rani ke ƙona fetur tun safe ruwa bai kai ƙarshen gona ba, gindin famfo ya zama tafki shinkafa ta nutse, can gaba kuma ƙasa ta tsage ciyawa ta samu wuri. Shinkafa tana son ruwa ya kwanta daidai ko'ina cikin fangali. Wanda ya iya lebul zai ce wa manomi matsar da inji can sama, ja babbar hanyar ruwa ta nan, yanka fangalin nan biyu. Ba ka sayar masa da komai ba amma ka rage masa jarkar mai.

Abin da za ka yi a makaranta shi ne, ranar firaktikal kada ka zama mai riƙe lema ko mai rubuta sunayen 'yan rukuni. Rukuni na mutum goma sha biyar inji ɗaya, mutum biyu ke taɓawa, sauran suna gindin bishiya suna hira, ƙarshe kowa ya kwafi lambobin. Ka kutsa ka taɓa injin. Ka yi abota da ma'aikacin da ke kula da ɗakin kayan, ka gaishe shi da girmamawa, Baba ko Malam, ka taya shi ɗaukar kaya, shi ne zai bar ka ka ƙara awa ɗaya bayan an watse, kuma sau da yawa ya fi mai lakca sanin halin injin. Sannan ka saba da rufe aiki, wato in ka fara daga wuri ka zaga ka dawo wurin, hawa da sauka su cinye juna. In ba su cinye ba akwai kuskure, ka koma ka nemo shi. Kada ka gyara lamba da biro don ta yi daidai. Wanda ya saba da wannan a makaranta zai yi shi a wurin aiki, kuma kwalbatin da aka gina da lambar ƙarya damina ɗaya ke tona masa asiri.

In makarantarku na da total steshin, injin da ke auna nisa da kusurwa a lokaci ɗaya, ko babban GPS mai kai wa santimita, ka yi duk yadda za ka yi ka koya, in babu ka neme shi lokacin SIWES, wato lokacin da ake tura ɗalibai koyon aiki a ma'aikatu. Amma ka fara da lebul da tif, wanda bai gane su ba ko an ba shi inji mai tsada danne-danne kawai zai yi.

Bari in ba ku labarin kunyar da na sha a kan abin da na ɗauka haddar banza ce. An koya mana datom, wato tushen da ake ɗora lambobin wuri a kansa, wai akwai na Minna akwai WGS84, akwai kuma shiyyoyin UTM da aka yanka taswirar duniya gida-gida, na haddace na zuba a jarrabawa na manta. Ina sabon zuwa wani kamfani aka ba ni tsohuwar taswira da lambobin da aka ɗauko da GPS aka ce in ɗora su a kwamfuta. Na ɗora, sai ga iyakar gona ta tsallake hanya ta faɗa cikin gonar wani da mita masu yawa. Har na fara cewa ai tsohon safiyon ne ya yi ha'inci. Oga ya zo ya duba minti ɗaya ya ce kai wane datom ka sa? Shiru. Tsofaffin taswirorinmu da yawa a kan na Minna suke, GPS kuma da WGS84 yake zuwa, in ba ka juya ɗaya zuwa ɗaya ba wurin zai goce da gomman mitoci. Shiyya kuma ta fi wannan muni, Birnin Kebbi tana shiyya ta 31, Gusau tana ta 32, layin da ya raba su yana kan digiri 6 na gabas, to mu da ke aiki tsakanin Kebbi da Zamfara kullum muna tsallaka shi. Ka sa shiyyar da ba ita ba, gonarka ta tashi ta sauka ɗaruruwan kilomita daga inda take. Tun daga ranar kafin in taɓa kowace lamba sai na tambaya datom da shiyya.

Sai ƙasar kanta

Kafin ka je ɗakin gwaji ka fara da dattijon da ke noma wurin. Shi ya riga ya raba gonarsa, nan jigawa, nan laka, nan jangargari, can fako ne ba ya yin komai, can kuma kanwa ke fitowa da rani. Aikinka ka ɗauki waɗannan sunaye ka haɗa su da na littafi. In ka zo kana zuba masa Turanci zai ce to, to, madalla, ka tafi ya ci gaba da abin da ya saba.

Koya wa yatsunka gane ƙasa. Ɗebi kaɗan a tafin hannu, ɗiga ruwa, murza. In tana ƙaras-ƙaras ta ƙi dunƙulewa yashi ya yi yawa. In ta yi santsi kamar garin alkama, ɗan tsakiyar nan ne mai laushi da ruwa ke kwantarwa. In ta manne ta yi danƙo har ka matsa ta tsakanin babban yatsa da manuni ta fito kamar zare mai tsawo ba ta karye ba, laka ce. Sai ka gwada da kwalba, ka zuba ƙasa ka cika da ruwa ka girgiza sosai ka ajiye, yashi zai kwanta cikin kamar minti ɗaya, mai laushin bayan 'yan awoyi, lakar kuma sai ta kwana ko fiye. In kun yi gwajin haidiromita, mai auna yawan yashi da laka, a lab ka kwatanta da abin da hannunka ya ce. Ka yi ta yi har hannun ya daina yi maka ƙarya. Wannan kusurwa ukun da ake sa ku zana na rabe-raben ƙasa, ita ce ke gaya maka sau nawa za a yi ban ruwa, kuma ko taki zai zauna ko zai bi ruwa ya tafi.

Ɗiban samfur kuwa, a nan aka fi yin ɓarna, kuma shi ne aikin da za a fara ba ka duk inda ka je. Lab ba ta san gonarka ba, abin da ka kai mata shi za ta auna. Ka raba gonar bisa kamanninta, kada ka haɗa tudu da kwari a leda ɗaya. Kowane ɓangare ka bi shi a karkace kamar tafiyar maciji, ka huda wuri 15 zuwa 20 da abin huda ƙasan nan da muke ce wa oga (ba ogan ofis ba), zurfin santimita 20 daga sama, in babu shi fartanya ko shebur ma sun yi. Kauce wa bakin hanya, gindin bishiya, gidan tururuwa, inda aka tara taki ko aka ƙona kara, da inda shanu suka kwana. Zuba duka a bokitin roba mai tsabta, cakuɗa, ɗebi kamar rabin kilo. Shanya a inuwa, kada ka sa a rana ko kusa da wuta, a daka a hankali a tankaɗe da rariya mai milimita 2. Kuma kowane wuri ka ɗauki lambarsa ta GPS, ka ga inda safiyo ya shigo ke nan, don bayan shekara biyu ka iya komawa daidai wurin ka ga ko ƙasar ta gyaru.

Lakabi kuma sau biyu, ɗaya a jikin leda ɗaya a takarda da fensir a cikin leda. Na taɓa ɗebo samfur talatin da wani abu daga ƙauyuka uku, na rubuta da maka a jikin leda, muka ɗaure a bayan babur, zafi da gumin ƙasa da gogayya suka goge rabin rubutun. Kwana biyu na aiki ya tafi a banza, kuɗin mai daga aljihuna na koma.

A lab ba sai ka zama gwani a komai ba, amma pH, wato awon tsami ko kanwar ƙasa, da gwajin gishiri ka iya su da hannunka, ka iya daidaita mitar kafin ka fara. Sauran, Walkley-Black na auna ruɓaɓɓen abu a ƙasa, Kjeldahl na naitirojin, Bray na fosfaras a ƙasa mai tsami da Olsen a mai kanwa, aƙalla ka tsaya a yi a gabanka, ka san me lambar ke nufi. Yawancin ƙasar tudu a yankinmu yashi ne, ruɓaɓɓen abu ya yi mata ƙaranci ƙwarai, shi ya sa takin gargajiya da barin kara a gona ba maganar tsofaffi ba ce kawai. A wuraren ban ruwa kuma, ko Bakolori ne can Talata Mafara ko 'yan rijiyoyin fadama, abin tsoro shi ne ruwa ya kwanta ba mafita, rana ta ɗauke ruwan ta bar gishiri a sama fari-fari. In mitar gwajin gishiri ta nuna 4 ko fiye a ma'aunin dS/m, littafi ya ce ƙasar ta zama mai gishiri, kuma shinkafa ba ta jure shi sosai. Maganinsa magudana, magudana kuma sai da lebul. Kwasa-kwasan nan biyu a makaranta ne kawai aka raba musu aji.

Lissafin taki, wanda shi ne manomi zai biya ka dominsa

Duk gwajin da ka yi, tambayar da za a yi maka ita ce buhu nawa zan saya. In ka tsaya kame-kame an gama da kai. Buhun yuriya mai kilo 50 naitirojin ɗin cikinsa kilo 23 ne, don kashi 46 cikin ɗari ne. Buhun kamfa 15-15-15 kuma kilo 7.5 na kowane ɗaya cikin ukun, wato naitirojin da fosfaras da fotash. A matsayin misali kawai, a ce shawarar da ta fito ita ce 60-30-30 a hekta. Kamfa buhu huɗu ya ba ka 30-30-30, saura naitirojin 30, ka raba da 0.46 ya ba ka kusan kilo 65 na yuriya, buhu ɗaya da ɗan ƙari. Sai ka ninka da girman gonar na gaskiya. A gonar kawu, da hekta biyun da yake faɗa kamfa buhu takwas ke nan, da ɗaya da ɗigo uku kuwa biyar da kaɗan. Ka je kasuwa ka tambayi kuɗin buhu uku yau ka ga ko awon tif wasa ne.

Ka yi irin wannan lissafi har ya zama kana yin sa a tsaye da kalkuletar waya. Ka kuma iya mayar da shi mudu ko kwano a kowane fangali, don ba wanda ke yawo da sikeli a gona. Ka gaya masa yuriya ba a watsa ta a busasshiyar ƙasa a bar ta a rana, iska ke kwashe ta, kuma raba ta kashi biyu ya fi zuba ta lokaci ɗaya musamman a jigawa.

Kada kuma ka ɗauka ilimin ƙasa a taki ya tsaya. Mutanen Zamfara ba za su manta da 2010 ba, lokacin da gubar dalma ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum saboda ana daka duwatsun zinare a cikin gidaje. Likitocin ƙungiyar agaji ta MSF sun yi magani, amma ba amfanin a warkar da yaro ya koma yana rarrafe a kan ƙasar da ta sa masa ciwon. Sai da aka bi gida-gida ana auna ƙasa da na'urar hannu, aka kankare ta sama aka kwashe, aka zuba mai tsabta, Bagega ma sai 2013 aka yi nata. Ɗiban samfur ne da taswira da rubuta lamba daidai, irin wanda kake raina wa a aji, ga shi rai ya rataya a kansa. Ta ɓangaren hanya ma haka, kamfanonin gini suna da ɗakin gwajin ƙasa, ana duba marmara kafin a zuba, ana gwada ko ta daku yadda ake so. Wannan fannin injiniyoyi ne, amma wanda ya saba da sikeli da rariya da tanda a lab ɗin makaranta ba ya daɗewa yake kamawa.

Kwamfuta da takarda

QGIS, abin zana taswira a kwamfuta, kyauta ne, sauke shi yau. Ka ɗora iyakar gonarka, ka ɗora wuraren da ka ɗebi samfur, ka ba su launi bisa pH ko yawan laka, ka sa kibiyar arewa da sikeli, ka buga a takarda. Excel don lissafin lebul da na taki. Masu karatun safiyo zalla su ƙara da AutoCAD na zane, ba makawa. Google Earth kuma don ka leƙa wuri kafin ka je, har ka ga yadda yake shekarun baya. Ba ka da laftop? Ka haɗa kai da mai ita, kai ka kawo aikin shi ya kawo na'ura.

Sannan rahoto, shafi biyu kacal, ɗaya da Turanci don ofis ɗaya da Hausa don mai gona: ga girman gona, ga irin ƙasa, ga matsala, ga abin yi, ga kuɗin da zai ci. Wallahi na ga masu sakamako mai kyau da ba sa iya rubuta wannan. Ka sayi littafin fili mai bango mai ƙarfi, kowace fita ka sa kwanan wata da wuri da wanda kuka je da shi da abin da ka gani, da fensir, don biro yana narkewa in ruwa ya taɓa.

SIWES ko shekarar aikin gona kada ka nemi inda za a sa maka hannu kana gida kwance. Nemi ofishin safiyo mai fita fili, ko KARDA, hukumar raya noma ta jihar Kebbi, ko hukumar raya kogunan Sakkwato da Rima, ko kamfanin shinkafa mai ma'aikatan gona, ko inda ake aikin hanya. Ko ɗaukar ƙafafun inji aka ba ka ka karɓa, daga nan ake farawa. Furojet ɗinka na ƙarshe ma in malaminka ya yarda ka yi shi a kan gonar nan taka, ka riga ka tara bayanan shekara biyu ko uku.

Akwai iyaka kuma, gara in faɗa maka tun yanzu. Kwas ɗaya ko biyu na safiyo a sashen noma bai mai da kai safiyo ba. Taswirar fili da za a kai ofishin ƙasa don neman shaidar mallaka, wanda hukumar safiyo ta ƙasa SURCON ta yi wa rajista ne kawai ke sa mata hannu, hukumar da aka kafa tun 1989, kuma ko wanda ya yi ND da HND ko digiri a safiyo sai ya yi aiki ƙarƙashin mai rajista ya ci jarrabawarsu. Kai naka awon na noma ne, na taki da ban ruwa da taimaka wa dangi su gane gonarsu. In magana ta kai ga dasa dutsen safiyo ko shari'ar kan iyaka, ka ce Alhaji wannan ya fi ƙarfina, ga ofishin da za ka je. Masu kimiyyar ƙasa ma yanzu suna da tasu cibiyar ta ƙasa da doka ta kafa a 2017 mai yi wa ƙwararru rajista, ka bincika sharuɗɗanta kafin ka gama.

Na kusa mantawa da wanda ba a koyarwa a kowane aji. Kada ka taɓa shiga gonar ƙauye da tif da turaku ba ka fara zuwa wurin mai gari ba. Mutane suna ganin ɗan boko da inji abin da ke zuwa ransu shi ne gwamnati za ta karɓe fili. Ka je ka durƙusa ka yi gaisuwa, ranka ya daɗe ga abin da ya kawo mu, ka roƙi a haɗa ka da wanda ya san iyakoki, a kira maƙwabtan gonar su tsaya a kan gambar da ta raba su ana awon a gabansu. Da halin da ake ciki na tsaro kuma, musamman ta wajen Zamfara da wasu sassan kudancin Kebbi, ka tambayi mutanen wurin kafin ka fita, in sun ce yau ba a zuwa to ba a zuwa, kuma ka baro daji da wuri.

Ƙanen nawa dai na ce masa hutun nan in ya zo ya same ni da tif da bokiti da leda, akwai wata gonar albasa ta gwaggonmu a bayan gari da ake ta gardama ko eka ɗaya ce ko ɗaya da rabi, da ita za mu fara ranar Asabar bayan sallar asuba kafin rana ta yi zafi.